Sharhi: Idan Babu Hasumiya, Wa Ke Ba Da Hannu A Titin Jirgi?

 Yau za mu leƙa harkar sufurin jiragen sama ne, mu duba wata matsala da fasinja ba ya hango ta daga kujerarsa, amma matuƙa sun san da ita sarai. Matsalar ita ce yadda manyan jiragen fasinja da ƙananan jirage ke yin arangama, ko su tsallake rijiya da baya, a filayen jirgin da ba su da hasumiyar kula da zirga-zirga.

Yawancinmu mun ɗauka duk inda jirgi ya sauka akwai jami'i zaune a dogon bene mai gilashi, yana cewa wane ka sauka, wane ka dakata. Haka abin yake a Kano da Abuja da Yamai da Jidda, amma ba haka yake a ko'ina ba. A Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan jirage, filayen da aka buɗe wa jama'a sun kai kimanin 5,000, waɗanda ke da hasumiya kuwa kaɗan ne suka haura 500. Wato a cikin kowane goma, ɗaya ne kacal. A cikin masu hasumiyar ma, da yawa ma'aikatansu kan tashi aiki da dare, filin ya koma hannun matuƙa har gari ya waye. Kuma wasu daga cikin waɗannan filaye marasa hasumiya suna karɓar jiragen kamfanoni masu ɗauke da fasinja fiye da ɗari.

To yaya ake yi a irin wannan wuri? Kowane fili yana da zangon rediyo guda da aka ware masa, wanda duk matuƙan da ke kusa za su kama. Idan ya rage kamar mil 10 jirgi ya iso, matuƙi zai ambaci sunan filin, ya faɗi ko shi wane ne, daga wace nahiya yake tafe, da titin da yake nufin sauka. Zai sake magana a kowane mataki har ya taɓa ƙasa ya kauce daga titin. Mai tashi shi ma zai sanar kafin ya hau titi. Akwai da'irar da ƙananan jirage ke bi a kewayen fili, yawanci a tsayin ƙafa 1,000, suna juyawa ta hagu, don kowa ya san inda zai nemi ɗan'uwansa da ido. Doka ta ce jirgin da ke gab da sauka shi ne da hanya a kan wanda ke ƙasa. Sai dai a wannan zango babu mai ba da izini, babu mai hanawa. Kowa sanarwa yake yi, kowa kuma shi ne alƙalin kansa. Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne, a yawancin irin waɗannan filaye na Amurka doka ba ta tilasta wa ƙaramin jirgi ya mallaki rediyo ba. Sanarwar shawara ce mai ƙarfi daga hukuma, ba wajibi ba.

Ku ɗauke shi kamar mahadar titi ce da babu danja, babu mai ba da hannu, inda tirela da babur ke haɗuwa. Muddin kowa ya rage gudu ya dubi hagu da dama, za a wuce lafiya shekara da shekaru. Ranar da ɗaya ya ɗauka ɗayan ya gan shi, ranar ce ake kwasar gawa.

Irin wannan rana ta zo wa garin Quincy na jihar Illinois a ranar 19 ga Nuwamban 1996. Da yammacin ranar, jirgin United Express mai lamba 5925, ƙirar Beechcraft 1900 mai kujeru 19, ya taso daga Shikago, ya ya da zango a Burlington ta jihar Iowa, ya nufo Quincy da fasinja 10 da matuƙa 2. Filin yana da tituna da suka gitta juna. Jirgin fasinjan ya sanar cewa zai sauka a titi mai lamba 13. A daidai lokacin, ƙananan jirage biyu suna bakin titi mai lamba 4 suna shirin tashi: King Air a gaba, Piper Cherokee a bayansa.

Kyaftin ɗin jirgin fasinjan, wadda mace ce, ta yi abin da ya kamata. Da ta matso, ta yi tambaya a rediyo ko jirgin da ke titi na 4 zai jira ne ko tashi zai yi. Matuƙan King Air ba su ce uffan ba. Sai matuƙin Cherokee da ke baya, wanda ba shi aka tambaya ba, ya amsa cewa yana jira. A tsakiyar maganarsa kuma, na'urar da ke faɗa wa matuƙa tsayinsu daga ƙasa ta yi magana a cikin jirgin fasinjan, ta danne wani ɓangare na amsar, ɓangaren da zai nuna cewa mai maganar yana bayan King Air ne. Kyaftin ta ɗauka jirgin gaban ne ya yi mata alkawarin jira, har ta yi godiya. Shi kuwa King Air sai ya fara gudun tashi ba tare da sanarwa ba. A mahadar titunan biyu suka haɗu.

Abin da ya fi tayar da hankali a binciken hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, shi ne karon da kansa bai kashe mutanen ba. Wuta da hayaƙi ne suka kashe su. Mutanen da suka ruga don kai ɗauki sun tarar da kyaftin da ranta tana roƙon a buɗe ƙofa, suka yi iya ƙoƙarinsu ƙofar ta ƙi buɗuwa. Babu 'yan kwana-kwana a bakin aiki a filin, domin dokar wancan lokaci ba ta wajabta su ba sai ga jirage masu kujeru fiye da 30. Kafin motocin kashe gobara su iso daga cikin gari, tafiyar kusan mil 10, mai afkuwa ta afku. Mutum 14 suka rasu, 12 a jirgin fasinja, 2 a King Air. Hukumar ta ɗora babban laifi a kan matuƙan King Air, saboda ba su saurari zangon yadda ya kamata ba, ba su kuma duba da ido ba kafin su taka. Kuma kada a ce ɗanyen hannu ne: babban matuƙin King Air tsohon kyaftin ne na kamfanin TWA da ya yi ritaya. Sai a shekarar 2004 aka gyara doka ta haɗa da filayen da jiragen fasinja masu kujeru 10 zuwa 30 ke zirga-zirga.

Masu sauraro, wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu na'urori sun ci gaba. To ga na baya-bayan nan. Ranar 22 ga Janairun 2022, a filin Yampa Valley da ke Hayden a jihar Kolorado, inda masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke tururuwa lokacin hunturu, jirgin JetBlue mai lamba 1748, ƙirar Airbus A320, ɗauke da mutum fiye da 100, ya shirya tashi zuwa Fort Lauderdale. Filin titi ɗaya gare shi, ba shi da hasumiya.

A nan sai na ɗan yi bayanin lambobin titi. Ana ba titin jirgi lamba ne bisa alƙiblar da ya fuskanta, don haka kowane titi lamba biyu gare shi, ɗaya a kowane baki. Titin Hayden, idan ka fuskanci gabas sunansa 10, idan ka fuskanci yamma sunansa 28. Kwalta ɗaya ce. Jirage kan tashi kuma su sauka suna fuskantar iska, saboda haka idan iska na kaɗawa kowa baki ɗaya zai bi. Idan iska ta kwanta, kowa na iya zaɓen bakin da ya fi masa sauƙi, kuma babu wanda zai hana shi.

Matuƙan JetBlue sun sanar za su tashi ta 10. Wani King Air da ke tafe ya sanar zai sauka ta 28. Dukansu sun yi magana, dukansu rediyonsu lafiya lau. Amma matuƙan JetBlue sun riga sun sa a ransu cewa ƙaramin jirgin ta 10 zai sauko, wato ta bayansu, don haka suka ga dabara ita ce su yi sauri su ba shi wuri. Suna cikin gudun tashi suka farga cewa gaba da gaba suke da shi. Kyaftin ya ɗaga hancin jirgi tun bai kai gudun da ake ɗagawa ba, wutsiyar jirgin ta daki kwalta, ya samu ya ɗaga ya karkata dama. Jirgin ya lalace sosai, dole aka karkatar da shi zuwa Denver. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni. A rahoton da NTSB ta fitar a ƙarshen 2023, ta ce abin da ya taimaka wajen jawo haɗarin shi ne matuƙan sun ji abin da suke tsammanin ji, ba abin da aka faɗa ba.

Ku dubi waɗannan al'amura biyu, shekara 25 tsakaninsu. A Quincy an yi tambaya, wanda ba a tambaya ba ya amsa, aka ɗauka an samu amsa. A Hayden an faɗi gaskiya a fili, kunne ya ji, zuciya ta fassara ta yadda take so. Duka biyun babu injin da ya lalace, babu hadari, babu hazo. Zato ne ya yi aikin, kuma dama Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amfanin jami'in hasumiya shi ne, shi mutum na uku ne da ke kallon kowa, wanda zai sa matuƙi ya maimaita abin da aka gaya masa, ya kuma gyara masa idan ya ji ba daidai ba. Idan aka cire shi, babu mai kama kuskuren sai masu kuskuren kansu.

Me ya sa haɗuwar babba da ƙarami ta fi haɗari? Na farko, gudu. Jirgi irin A320 yana dosar titi da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato kimanin mita 70 a kowace daƙiƙa, alhali ƙaramin jirgin koyon tuƙi rabin haka yake yi. Matuƙin ƙaramin jirgi zai ji an ce babba yana mil 5, ya lissafa da ma'aunin jirginsa, ya ga yana da lokaci, alhali kafin ya gama gyara zama an iso kansa. Shi kuma babban jirgi, mai nauyin tan 70 ko fiye, idan ya wuce wani gudu a kan titi ba ya tsayuwa, sai dai ya tashi.

Na biyu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ƙananan jirage suna kewaya da'ira, babban jirgi kuwa yakan miƙo kai tsaye daga nesa bisa na'ura, ya ratso cikinsu. Sau da yawa matuƙinsa kan ambaci inda yake da sunan wata alama ta taswirar manyan jirage, wadda ɗalibin da ke koyon tuƙi bai taɓa jin ta ba. An yi sanarwa, amma ba a isar da saƙo ba.

Na uku, hankalin matuƙan babban jirgi a rabe yake. Kunne ɗaya yana wajen cibiyar kula da sararin sama da ke can nesa, wadda ke ba su izinin shiga hanya, ɗaya kunnen yana zangon filin. Izinin da cibiyar ke bayarwa kuma yakan zo da wa'adi na 'yan mintuna, idan ba a tashi a ciki ba ya ɓaci sai an sake nema. Wannan wa'adi yana sa gaggawa. Kuma izinin shiga hanya ba shaida ba ce cewa titi babu kowa, domin mai bayar da shi ba ya ganin titin. Matuƙin da ya saba da manyan filaye, inda kullum ake gaya masa abin da zai yi, yana iya mance wannan bambanci.

Na huɗu, na'urar gargaɗin karo da ke cikin manyan jirage tana da iyaka. Ba ta ganin jirgin da ba ya ɗauke da na'urar da ke amsa mata, kuma an tsara ta ta daina ba da umarnin kaucewa idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, don kada ta tura shi ya daki ƙasa. Tun ranar 1 ga Janairun 2020 Amurka ta wajabta na'urar ADS-B, mai watsa matsayin jirgi, a sararin da ke da cunkoso, amma wajibcin bai game ko'ina ba, kuma yawancin filaye marasa hasumiya suna wajen da'irarsa.

Ba ma jirgi kaɗai ke tare titi ba. A watan Fabrairun 1978, a Cranbrook ta ƙasar Kanada, jirgin Boeing 737 na kamfanin Pacific Western ya sauka ya tarar da motar share ƙanƙara a kan titi. Matuƙan suka yi yunƙurin sake tashi, jirgin ya ƙwace ya faɗi, mutum fiye da 40 suka rasu. Wannan filin ma ba shi da hasumiya.

To sai a gina hasumiya a kowane fili mana? Da haka ne da an huta. Hasumiya kuɗi ce mai yawa, gini da na'urori da albashin ƙwararru dare da rana, a filin da wataƙila jiragen fasinja uku ko huɗu ne ke sauka a wuni. Sannan ita kanta hasumiyar ba laya ba ce. Haɗarin da ya fi kowane muni a tarihin jiragen sama, na Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, a gaban hasumiya ya faru. A filin Linate na birnin Milan, a 2001, jirgin fasinja na SAS ya yi karo da ƙaramin jirgi ƙirar Cessna cikin hazo, mutum 118 suka mutu, akwai hasumiya. A Haneda ta Tokiyo, ranar 2 ga Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ya haye jirgin dakarun tsaron gaɓar teku, mutum 5 suka mutu, akwai hasumiya. Kuma gaskiya ce cewa ana sauka ana tashi lafiya kullum a dubban filaye marasa hasumiya. Tsarin yana aiki. Inda yake gazawa shi ne idan zirga-zirga ta ƙaru, aka cakuɗa manya da ƙanana, amma aka bar ƙa'ida yadda take tun lokacin da filin ke karɓar jiragen manoma da masu sha'awa kawai.

Tsakanin cikakkiyar hasumiya da barin kowa da halinsa akwai matakai. Kanada ta ware wasu filaye inda kama zango da yin sanarwa wajibi ne, ba ganin dama ba. A ƙasashe da dama ana ajiye jami'in ba da bayani, wanda ba ya ba da umarni amma yana gaya wa kowane matuƙi jiragen da ke kusa da halin da titi ke ciki. Ostireliya ta inganta irin wannan hidima a filin Ballina a 2021, bayan da jirgin Jetstar da wani ƙaramin jirgi suka kusa haɗuwa a sama a Nuwamban 2020. Akwai kuma hasumiyar nesa, inda ake kafa kyamarori a fili, jami'i yana wani gari yana kallo a allo. Suwidin ce ta fara, a filin Örnsköldsvik a 2015, ana kula da shi daga Sundsvall. Tun 2021 ana kula da filin London City daga Swanwick, nisan fiye da kilomita 100. Da wannan dabara cibiya guda za ta iya riƙe ƙananan filaye da yawa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ita ma ta sabunta jagorarta kan filaye marasa hasumiya a watan Yunin 2023, inda ta ja kunnen masu miƙowa kai tsaye su ratsa da'irar da wasu ke ciki. Jagora dai jagora ce, ba doka ba.

Ra'ayinmu shi ne: duk filin da aka yarda jirgin fasinja na haya ya riƙa sauka, to an ɗauki amanar mutanen da ba su san komai game da zango ko da'ira ba, sun dai sayi tikiti sun zauna. Bai dace a jingina rayukansu ga ladabin wani matuƙi da doka ba ta ma tilasta masa kunna rediyo ba. A irin wannan fili, rediyo da na'urar nuna matsayi su zama dole ga kowa. A samu ido na uku, ko a bene, ko a ofis, ko ta kyamara. Idan iska ta kwanta, a ayyana baki ɗaya da kowa zai bi. Motar kashe gobara da ma'aikatanta su kasance a tsaye duk lokacin da jirgin fasinja zai sauka ko zai tashi. Su kuma kamfanoni su horar da matuƙansu musamman kan irin waɗannan filaye, su koya musu cewa idan an yi tambaya ba a ji amsa daga bakin wanda aka tambaya ba, da lambarsa, to ba a amsa ba. A wajen hira shiru ma magana ce, a kan titin jirgi kuwa shiru dalilin taka birki ne.

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. A Najeriya jihohi suna ta gina filayen jirgi, irin su Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi da Gombe, filayen da zirga-zirgarsu ba ta da yawa a sauran watanni amma sukan karɓi manyan jirage lokacin jigilar alhazai. Ga jiragen 'yan kasuwa da na 'yan siyasa, ga masu saukar ungulu, ga ɗaliban Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 don horar da ma'aikatan wannan fanni. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, mai horar da jami'an kula da zirga-zirga ga Nijar da Chadi da Kamaru da sauran ƙasashe. Ba mu kuma manta da jirgin Air France da ya afka wa garken shanu a kan titin filin Fatakwal a 2005 ba. Titi tsaftatacce ba ya samuwa da fatan alheri, sai da shinge, da haske, da rediyo mai aiki, da mutum a bakin aikinsa.

Saboda haka muna kira ga gwamnonin da ke gina filaye, da hukumomin jiragen sama na Najeriya, NCAA da NAMA, da takwarorinsu na maƙwabta, cewa kafin a yanka kintinkirin buɗe kowane fili, a tabbatar an ware kuɗin ma'aikata da na'urorin sadarwa da 'yan kwana-kwana na shekaru masu zuwa, ba na ranar biki kaɗai ba. Matasanmu masu koyon tuƙin jirgi kuma, ku riƙe sanarwa da saurare da duba hagu da dama tamkar farilla, ko da kun tabbata ku kaɗai ne a sararin. Ku kuma fasinjoji, idan jirginku ya fasa sauka ya sake ɗagawa, ko ya daɗe a bakin titi yana jira, kada ku yi wa matuƙi tsaki, aikinsa yake yi.

 Allah ya tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa.